Ranar da na je Ikeja neman kan ƙafar kyamara

Asabar, bayan isha'i, Agege

Yau tun hantsi har la'asar hidima ɗaya ce ta cinye mini lokaci, wato neman sabon kai na ƙafar kyamarata, ɗan ƙarfen nan mai ƙwallo a ciki da ake ɗaurawa a saman ƙafafu uku domin a juya kyamara duk inda ake so, sannan a ƙulle ta wuri ɗaya. Tsohon da nake amfani da shi, wanda ya zo tare da ƙafar tun ranar da na saye ta, ya kunyata ni makon jiya a wajen wata walimar aure, domin na jera dangin ango, na daidaita hoto, na murɗa makulli, ina sakin hannu sai kyamara ta sunkuya a hankali har hulunan mutanen sahun baya suka fita daga hoton. Sau uku ina gyarawa, dattawa suna tsaye cikin rana suna kallona.

Kafin in fita na biya ta shagon maigidana, wanda a hannunsa na koyi ɗaukar hoto. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina so in sayi kai mai sauƙin kuɗi, amma ina tsoron arha ta hana ni barci." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kada ka tafi da kuɗi kaɗai. Ka tafi da kyamararka da lenz ɗinka mafi tsawo, ka ɗora a gaban mai kaya." Da na so in bar jakar a gida saboda cunkoson mota, amma na bi maganarsa.

Kyamarar tawa Sony a6000 ce, tsohuwar yayi da ta fito tun 2014, kuma nauyinta da batir da kati gram 344 ne kawai. Dogon lenz ɗina mai milimita 55 zuwa 210 shi ma gram 345 ne, saboda haka duka biyun ba su cika gram 700 ba. Da wannan lissafi na hau danfo zuwa Computer Village, kasuwar kayan lantarki da ke Ikeja, ina ganin kowane kai zai ishe ni, tunda ko mafi ƙanƙanta a cikinsu an rubuta a kwalinsa cewa yana ɗaukar kilo uku ko biyar.

A shago na farko na gane cewa lambar da ke jikin kwali ba ta gaya wa mutum abin da yake bukatar sani. Mai shagon ya miƙo mini wani ɗan ƙaramin kai mai sheƙi, wanda ƙwallonsa bai fi girman goriba ƙarama ba, ya rantse cewa zai riƙe kyamarar gidan talabijin. Na ɗora kyamarata, na zuƙo lenz zuwa 210, na saita tsakiyar hoto a kan wani harafi da ke jikin allon tallan shagon da ke tsallaken layi, sannan na ƙulle na saki. Harafin ya haura sama ya bar tsakiya, alamar bakin lenz ya faɗa ƙasa. Kan bai karye ba, bai kuma saki kyamarar ba, don haka ba za a ce kwalin ya yi ƙarya ba, amma ɗaukar nauyi daban, tsayawa cak a inda aka ajiye daban. Dalilin kuwa a fili yake: dogon lenz yana tura nauyi gaba, nesa da tsakiyar ƙwallon, kuma ƙaramin ƙwallo ba shi da faɗin jikin da makulli zai damƙa sosai. Mai shagon ya ce in ƙara murɗawa da ƙarfi. Na gode masa na fita, domin makullin da sai an sa ƙarfi yake kamawa shi ne wanda zarensa ke saurin cinyewa.

Na leƙa shaguna biyu da suke da kawunan kamfanonin Manfrotto da Benro, na taɓa, na yaba, na ji farashi, na ajiye. Kaya ne masu kyau, sai dai kuɗin ɗaya daga cikinsu ya kusa kai abin da zan samu a bukukuwa uku.

Shago na huɗu, a saman bene, can na daɗe. Matashin da ke ciki bai gaji da ni ba, ya fito da kawuna uku masu matsakaicin farashi, duk ƙirar Sin. Na farko na ajiye shi nan take saboda makulli ɗaya ne ke riƙe ƙwallo da kuma juyawar gindi, ma'ana in na so in karkata hagu kaɗan sai komai ya sake. Na biyu ya tsaya da kyau, amma farantinsa, wato ɗan faifan da ake ɗaurewa a ƙasan kyamara, na kamfaninsu ne kaɗai, in ya ɓace a wajen biki to kan ya zama kayan ado. Na ukun yana da ƙwallo mai milimita 36, da makulli dabam na juyawa wanda aka zana masa digiri 360 a gindi, da tsaga a gefe don kwantar da kyamara a ɗauki hoton tsaye, kuma farantinsa irin na Arca-Swiss ne, wanda kamfanoni da yawa suke bi, har mutum zai iya samun madadinsa ba tare da wahala ba. Na maimaita gwajin nan da dogon lenz a kan eriyar wani bene. Ya ɗan motsa, gaskiya, amma motsin da sai ka zuba ido za ka gani.

Saura ƙiris in biya sai na juya kyamarar na ga farantin ya rufe murfin batir. A wannan kyamara batir da kati ƙofa ɗaya suke shiga ta ƙasa, kuma batirinta ba ya jimawa, saboda haka da na tafi da shi a haka, duk canjin batir sai na kwance faranti a tsakiyar aiki. Matashin ya tono wani guntun faranti daga aljihun tebur, mai ɗan zobe a jikin sukurunsa da ake murɗawa da yatsa ba sai an nemi kwabo ko makulli ba. Muka gwada, murfin ya buɗe har ƙarshe. Abu na ƙarshe shi ne bakin zare: ramin ƙasan kan na inci 3/8 ne, ƙafata kuma siririn sukuru mai inci 1/4 gare ta, irin wanda ke shiga ƙasan kyamara, sai da ya haɗa mini da ɗan zoben ƙarfe da ke cike tsakaninsu. Mun yi ciniki mai tsawo, ya rage kaɗan, ya ba ni zoben kyauta.

Da na dawo na nuna wa Baba. Ya murɗa, ya saki, ya sake murɗawa yana saurare kamar mai duba injin, sannan ya ce, "Ba laifi. Amma ka riƙa goge shi da busasshen ƙyalle, kada ka ɗiga masa mai a ƙwallo, sulɓi zai yi ya daina kamawa." Ya ƙara da cewa danshin Legas da iskar teku ba sa barin sukuru lafiya, in ajiye shi cikin jaka tare da ƙunshin nan mai tsotse raɓa.

Bayan magariba na hau saman gidanmu na ɗauki fitilun titi na daƙiƙa takwas da dogon lenz, na sa kyamara ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kada yatsana ya girgiza ta. Fitilun motoci sun fito dogayen layuka, sandunan lantarki kuma suna tsaye tsaf. Gobe akwai suna a Idi-Araba da ƙarfe goma, na riga na ɗaure guntun farantin a ƙasan kyamara, batura biyu kuma suna kan caji.