Maki 241 a hannu, amma na shekara a gida

Shekarar da na gama sakandare a Jega na ci 241 cikin 400 a jarrabawar JAMB, amma sai da na shekara cur a shagon yayana ina auna shinkafa. Ba wanda ya yi min hannu, ƙannena. Ni na yi wa kaina.

Ranar rajista na tarar da layi a Birnin Kebbi kamar na gidan mai. Wani matashi da ke zaune bakin ƙofa da biro a kunne ya ce in kawo ɗan na goro ya cike min fom. Ya tambaye ni kwas, na ce injiniya. Ya rubuta Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, na kai ciki aka shigar, na dangwala yatsa, na ninke takardar na cusa a aljihu ko kallonta ban yi ba. Ashe injiniya sai da Lissafi. Haɗin da ya rubuta min na masu neman likitanci ne. Darussa huɗu kacal ake rubutawa, Ingilishi dole, sauran ukun kuwa kwas ɗinka ne ke zaɓa maka su, kuma duk suna cikin kundin bayanin da JAMB ke fitarwa. Karatun minti goma na ƙi yi.

Ban tsaya nan ba. Wayata ba kuɗi ranar, sai na bari ya tura lambar NIN ɗina ta katin ɗan ƙasa zuwa 55019, lambar JAMB ta fara rajista, da layinsa. Duk saƙon da ya biyo baya wayarsa ya tafi, ni kuwa ko sunansa ban sani ba. Layin da ka yi rajista da shi, riƙe shi kamar katin banki, kuma ya zama naka.

A shekara ta biyu ma saura ƙiris in sake faɗawa rami. Sakamakon NECO ya fito da kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, na ajiye shi a ƙasan akwati ina jiran a kira ni. Wani malaminmu ne ya tare ni a masallaci ya ce, "Kai ɗan nan, ka ɗora sakamakonka kuwa?" Tun 2017 ta manhajar JAMB mai suna CAPS ake ba da gurbin karatu, kuma wanda bai je cibiyar da JAMB ta amince da ita an ɗora masa sakamako ba, makaranta ba ta da yadda za ta yi ta ɗauke shi, ko makinsa ya kai nawa.

Shi ne kuma ya sauke min girman kai wajen zaɓen makaranta. Jami'o'in tarayya kan raba gurabe kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, Kebbi da Zamfara na ciki. Ni kuwa da farko can nesa na hango, don dai a ce a gari ɗan wane yana Legas. Ga jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, ga ta Gusau, ga Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta jiha a Aliero kusa da gida.

Da sunana ya fito, har can gidanmu malam ya biyo ni da babur bayan la'asar. Bai tafi ba sai da ya ga na danna wurin karɓar gurbin da idonsa.