Sunan da ke gindin kan sarki

Jiya ina kwashe tarkacen akwatin marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa, na ci karo da wasiƙun da Kawu ya riƙa aiko masa daga Faransa lokacin yana karatu. Kan sarkin duk iri ɗaya, fuskar wata mace da hula, wani ja wani kore. Sai da na kusanto da kyamarar waya sosai na ga wani ɗan mitsitsin rubutu a gindinsa: Gandon.

Ashe sunan wanda ya sassaƙa hoton ne, Pierre Gandon, haifaffen 1899. Babansa ma sana'arsa ke nan, gado ya yi. A kan ƙarfe yake sassaƙa hoton da tsinin ƙarfe, layi bayan layi, kuma a juye, don in an buga ya fito daidai. Wannan macen, Liberté, wato 'Yanci, daga zanen Delacroix, wani mai zane ɗan Faransa, ya ciro ta, kan sarkin ya fito a 1982. Ku lissafa, ya haura shekara 80! Ni da ban kai 50 ba zare ma sai yara sun sa min a allura.

Ya rasu a 1990. Wasiƙun kuwa ban iya karantawa ba tukuna, rubutun Kawu kamar tafiyar kaza.