Jan dutsen kogin Hale: yadda ganet ya yi shigar yaƙutu a Ostireliya

A watan Maris na 1886, mai safiyon ƙasa David Lindsay yana ratsa gabashin tsaunukan MacDonnell, a Yankin Arewa na Ostireliya, sai ya tarar da jajayen duwatsu birjik cikin rairayin kogin Hale. Ya ɗauka yaƙutu ne. A lokacin Turawa baƙi ne a wannan ƙasa ta mutanen Arrernte. Sai a 1862 John McDouall Stuart ya iya ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa, aka kuma gama jan wayar tangaraho a 1872.

Kafin tsakiyar 1887, sama da mutum 200 sun kafa sansani a kwazazzabon da kogin ke ratsawa. Babu jirgin ƙasa, don bai iso yankin ba sai 1929. Ruwan sha sai an tona gindin kogi, kayan abinci kuma a bayan raƙuma suke zuwa. Aka kafa kamfanoni, aka sayar da hannun jari, 'yan kasuwar Turai suka karɓi kaya hannu bibbiyu. Da duwatsun suka yi wa kasuwa yawa sai aka fara tantama, domin yaƙutu ba abin da ake auna wa da buhu ba ne. A 1888 gwaji ya nuna ganet ne, wani jan dutsen ado na daban, mai kyau ƙwarai, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na yaƙutu ba. Nan take ciniki ya mutu.

Ban ga laifin idon Lindsay ba. Ganet mai ƙarfe a jiki, wanda ake kira almandin, idan ya jiƙe rana ta haska shi, ja ne wur. Yana da nauyi, ba ya saurin narkewa, shi ya sa ambaliya ke kwashe yashi mara nauyi ta bar shi jere a lungun kogi, daidai inda mai neman yaƙutu zai duba. Sikeli ma ba ya raba gardama: yaƙutu ya ninka nauyin ruwa sau 4, almandin kuwa tsakanin 3.9 da 4.3 yake. Laifin yana wuyan waɗanda suka zuba dukiya kafin a gwada.

Ga mai riƙe da jan dutse a yau, a fara da siffa, da madubin ƙara girma mai ninki 10. Ganet da bai goge ba dunƙulalle ne kamar ƙwallo, sau da yawa mai fuska 12. Yaƙutu mai kusurwa shida ne, kamar guntun fensir ko faifai. Sai dai dutsen da ya daɗe yana birgima a kogi ya rasa kusurwoyinsa, don haka wannan alama ce kawai.

Gwajin tauri ya fi wannan ƙarfi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yaƙutu 9 ne, ganet 6.5 zuwa 7.5. Dutsen tofaz mai tauri 8 zai karce ganet, ba zai taɓa yaƙutu ba. Kada a gwada da farin dutsen kwaz mai tauri 7, ya yi kusa da ganet, sakamakon zai rikita mutum. Kada kuma a karce dutsen da aka riga aka yanka aka goge, asara ce.

Gwajin da ya fi kwantar da rai na haske ne. Yaƙutu yana raba hasken da ya shige shi gida biyu, ganet ba ya rabawa. A sami gilasai biyu masu tace haske, a gitta su har haske ya daina wucewa, a sa dutsen a tsakani, a juya shi zagaye ɗaya. Yaƙutu zai haska ya dushe sau huɗu. Ganet zai zauna baƙi. Wuri biyu ake faɗawa rami: wani ganet yana nuna zane-zane masu motsi kamar maciji, a ɗauka haskawa ce, yaƙutu kuma yana da fuska ɗaya da idan aka duba ta nan ba ya haskawa. Maganin shi ne a kwantar da dutsen ta fuska uku daban-daban.

Fitilar UV mai nanomita 365 tana sa yaƙutu ya yi ja kamar garwashi saboda sinadarin kuromiyam, ganet kuwa shiru. Amma yaƙutu mai ƙarfe da yawa, irin na Tailan, haskensa kaɗan ne. Mayen ƙarfe mai ƙarfi yakan ja ƙaramin almandin a kan gilashi, yaƙutu ko gezau. Gwaji uku su yi baki ɗaya kafin a yi maganar farashi.

Waɗanda cinikin ya karye a kansu ba duka suka koma gida ba. Tun 1887 an ga zinare a Arltunga, ba nisa da wurin, suka karkata can. Don hidimar waɗannan mahaƙa ne Lindsay ya shata garin Stuart a 1888, wanda aka mai da sunansa Alice Springs a 1933. Kwazazzabon har yau Ruby Gap ake ce masa, kimanin kilomita 150 gabas da garin. Yaƙutu na gaskiya kuwa sai a ƙarshen shekarun 1970 aka gano shi, a tsaunukan Harts, arewa da inda Lindsay ya tsinci nasa.