Laraba: jinin maraƙi da lakcar yamma

Hazo ya rufe Samaru tun asuba. Da ƙyar na fito daga bargo, ga shi ƙarfe takwas aka ce mu haɗu mu tafi gonar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ɗibar jinin maruƙa. Wanda ya faɗo hannuna ɗan wata biyu ne, fari, mai taurin kai. Sai da Baffa makiyayin ya riƙe masa wuya ya ce, "Yarinya, lallaɓa shi, ba a yi wa ɗan saniya gaggawa," sannan na sami jijiyar.

Da yamma a lakca na gane abin da na ɗebo a kwalbar nan. Malam ya yi bayani kan wasu sojojin garkuwar jiki da ake kira gamma delta T, wani kashi na fararen ƙwayoyin jini da ake ce wa ƙwayoyin T. A jinin babban mutum ba su cika wuce kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin T ba, shi ya sa littattafan likitancin ɗan Adam ke ba su 'yan layuka su wuce. A jinin maraƙi kuwa suna iya kai rabi, har su zarce. Wato mu masu karatun likitancin dabbobi ba mu da damar raina su.

Abin da ya burge ni shi ne yadda suke aiki. Sauran ƙwayoyin T, su alfa beta, sai an yi wa cuta iso: ƙwayar jikin da ta kamu ta ɗora ɓurɓushin bairos a kan wani faranti mai suna MHC, ta nuna musu, kafin su motsa. To wasu bairos, irin su CMV (cytomegalovirus), sun iya ɓoye farantin. Su gamma delta ba ruwansu da iso. 'Yan sintiri ne, sun fi zama a hanji da sauran ƙofofin jiki. Da sun ga alamar wahala a fuskar ƙwaya, sai su huda ta da sinadarin perforin, su zuba mata gubar granzyme ta mutu da ɓarawon a ciki, su saki sinadarin aika saƙo mai suna interferon gamma su ta da sauran dakaru. Su ma gamma delta nau'i-nau'i ne. An ga yadda nau'in Vδ1 ke ƙaruwa a jinin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda idan CMV ya taso musu. A masu HIV kuma nau'in Vδ2 ne ke raguwa.

Wai sai a tsakiyar shekarun 1980 aka gano su. Babana ya girme wa wannan ilimin!

Na kira Inna bayan magariba ina ba ta labari, ta ce ita dai in tabbata na wanke hannu kafin in ci tuwo. An ɗauke wuta tun tara, da fitilar waya nake rubutun nan. Rigar aikina har yanzu warin garke take yi, kuma gobe da ita zan koma.