Jarka, Igiya da Wani Littafi da Na Raina

Ranar da aka tara mu matasan unguwa domin horon agajin gaggawa, na ɗauka iyo za a koya mana. Sai malamin ya shafe rabin yini yana sa mu jefa igiyar da aka ɗaura wa jarkar man gyaɗa, wadda babu komai a ciki, an toshe bakinta tam. Ƙa'idarsa ita ce: ka fara miƙa gora, in ba ta kai ba ka jefa igiya, in akwai kwalekwale ka tuƙa. Shiga ruwa da jikinka shi ne na ƙarshe. Ya kuma sa muka bi gida-gida muna rubuta inda tsofaffi da masu jego da guragu suke. A raina na ce wannan ai aikin mai unguwa ne.

Sai ga daren da madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle, wayewar garin 10 ga Satumba 2024. Ruwa ya mamaye unguwar Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu, har dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi suka fita. Dattawa suna ta cewa rabon da a ga irin wannan tun 1994.

Kafin sojoji da jami'an NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, su iso lungunmu, mu ne a wurin. Ganin wani yaro ya maƙale a jikin katanga, na manta da duk abin da aka koya mini, na faɗa. Ruwan ko ƙugu bai kai mini ba, amma ya kwashe ƙafafuna kamar an ja tabarma. Jarkar nan da na raina ita abokina ya jefo mini, sannan ya jefa wa yaron. Mutum ɗaya za a ceta, na mayar da aikin na mutum biyu.

Littafin sunayen kuwa, shi ya tuna mana da wata tsohuwa makauniya a ɗakin ƙurya, gidan da kowa ya ɗauka an watse. Muka same ta a kan gado, ruwa na lasar katifa.

"Kaka, ki hau bayana mu fita."

"Ɗan nan, ni ba na hawa bayan namijin da ba muharramina ba."

Babu irin lallashin da ban yi ba. Sai da ɗaya daga cikin mata biyu kacal da ke ƙungiyarmu ta ratso ruwa, ta ɗaura mata zani da kyau, ta goya ta. A lokacin horo har da ni a masu gunaguni cewa mata ba su da abin yi a aikin ceto.

Bana da muka sabunta littafin kafin damina, mun ƙara layi ɗaya a gaban kowane gida: wa za a tura, mace ko namiji.