Yadda na naɗi faifan banjo na farko da kuɗin aljihuna

Ranar da na fara riƙe banjo a wani shagon kayan kiɗa a kudu maso yammacin jihar Virginia ta Amurka, inda aiki ya kai ni, gurmi ne ya faɗo mini a rai, domin ga fata a ɗame, ga dogon wuya, ga tsirkiya a miƙe. Kamannin ba na banza ba ne, tunda bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera shi da ƙwarya da fatar dabba a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17. Wannan ya sa na ɗauka hannuna zai saba da wuri, amma sai da na shafe shekara shida kafin na yarda in naɗi abin da nake kaɗawa.

Salon da na bi shi ne na Earl Scruggs, mutumin North Carolina da ya shiga ƙungiyar Bill Monroe, wato Blue Grass Boys, a ƙarshen 1945, kuma daga sunan ƙungiyar ne kiɗan bluegrass, wato irin wanda suke yi, ya samo nasa. Yatsu uku ake sa wa ƴan zobba masu baki kamar farce, na roba a babban yatsa, na ƙarfe a manuniya da ta tsakiya, sai su riƙa karɓa-karɓa a kan tsirkiya biyar, ta biyar ɗin gajera ce da ta tsaya a tsakiyar wuya. Sauri ne ya fara ruɗa ta. A gasar makaɗan goge ta garin Galax da ke Virginia, wadda ake yi duk watan Agusta tun daga shekarun 1930, na shiga wata da'irar makaɗa da dare a tsakanin tantuna, sai wani dattijo mai goge ya dafa kafaɗata bayan an tsaya, ya ce mini cikin taushin murya ina rigan mai bas (babban goge mai kaurin murya) sauka, in koma in saurare shi. Wata takwas na yi ina maimaita juyin yatsu guda a hankali kafin maganarsa ta zauna a hannuna.

Mu huɗu muka yi naɗin a falon wani abokina, da banjona da jita da mandolin (ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya) da bas na tsaye, muka kewaye makirufo ɗaya tal kamar yadda makaɗan da can suke yi. Wannan kiɗa ba shi da ganga. Mai bas ne ke aza bugu, mai mandolin ya datse tsakani, saboda haka wanda ya kauce ba shi da inda zai ɓuya. Banjo kuwa yana da ƙara ƙwarai, dole na ja da baya taku biyu yayin da mawaƙi ke rerawa, in matso sai lokacin da zagayena ya zo, in sake janyewa ba tare da na bangaje wuyan jita ba. A ganina wannan matsowa da janyewa ita ce rabin sana'ar.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sauya tsirkiyoyi da ƙara ɗame fatar a daren jajibirin naɗin, domin washegari sautin bai zauna ba, muka yi asarar rabin yini muna gyara. Na kuma gano a makare cewa tsofaffin waƙoƙin gargajiya na kowa ne, amma biyu daga cikin goman da muka zaɓa suna da masu haƙƙi, sai da na biya kuɗin izini kafin na ɗora su a Bandcamp, shafin intanet na sayar da waƙoƙi.

Faifai ɗari uku na buga, kuma yawancinsu a kan ɗan teburi na sayar bayan wasa, hannu da hannu. Guda ɗaya na ajiye a cikin akwatin banjo, zan kai wa dattijon nan idan Allah ya kai mu Agusta.