Kalsiyom ɗin da ke saman ƙodarka

Duk wanda ka ce wa kalsiyom a Bauchi sai ya ce maka ƙashi da haƙori, ko ƙwayar da ake ba masu ciki a awo. Gaskiya ne kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana ƙashi da haƙora, amma ni ɗan guntun da ya rage ɗin nan ne ya fi ban sha'awa.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai suna adirenal, ita ke fitar da adirenalin. Ka ga lokacin da ɗan acaɓa ya kusa kwashe ka a shataletalen Wunti, gabanka ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe? To jijiya ce ta sako wa ƙwayoyin tsakiyar tsokar wani sinadari, asetilkolin, nan take ƙofofin kalsiyom suka buɗe, kuma da yake na waje ya ninka na cikin ƙwayar wajen sau 10,000 sai ya kwararo ciki da gudu. Dama adirenalin ɗin a ƙulle yake cikin 'yan jakunkuna yana jira, sai wani furotin, sinaftotagmin, ya cafke kalsiyom ɗin, jakar ta manne da bangon ƙwayar ta juye kayanta cikin jini. Tun 1961 wasu masu bincike, Douglas da Rubin, suka nuna haka da adirenal ɗin kyanwa, da suka cire kalsiyom daga ruwan da suke bi da tsokar, asetilkolin ya kasa fitar da komai.

Amma inda abin ya shafe mu sosai shi ne ɓawon tsokar, inda ake yin aldostaron, sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyom. Shi ba a tara shi a jaka, sai an buƙata ake haɗa shi. Idan anjiyotensin, wani sinadarin da ke sa jini ya hau, ya zo ko fotasiyom ya hau a jini, kalsiyom ya ƙaru a cikin ƙwayar, wani furotin wai shi kalmodulin ya ɗauki kalsiyom guda 4, ya je ya tada masu kunna injin haɗa aldostaron. Kamar famfo ne, a buɗe in ana so, a rufe in an gama.

To a wasu mutanen rufewar ce ba ta yiwuwa. A 2011 aka gano cewa a da yawa daga cikin wani irin ƙari da ke fitowa a adirenal yana fitar da aldostaron akwai canji a ƙwayar gado KCNJ5, a 2013 kuma aka gano irinsa a CACNA1D, duk ƙarshensu ɗaya ne, kalsiyom yana ta shiga ba tsayawa, aldostaron ya yi yawa, jini ya hau. Ciwon Conn kenan, kuma ba ƙaramin kaso ba ne cikin masu hawan jinin da ya ƙi jin magani.

Abin da ke damuna, a gidajenmu idan Baba na shan magani kala uku jinin bai sauka ba sai a ce tunani ne ya masa yawa, ko a koma tafarnuwa da zoɓo. Wlh gara a tambayi likita zancen awon fotasiyom da aldostaron da renin (wani sinadarin da ƙoda ke fitarwa), musamman in ga kasala da ɗaurewar tsoka. Akwai maganin da ke tare aikin aldostaron, sifironolakton, in kuma ƙarin a gefe ɗaya yake ana iya cire shi da tiyata. Kar dai wani ya ce zai bar shan nono ko madara saboda wannan, matsalar a ƙofar ƙwayar take, ba a abin da ka ci ba.